Magani Ɗaya, Mutum Biyu

Idan mutum ya yi ƙarya da Hausa, ni kuma na juya ta zuwa Turanci ban ƙara ba ban rage ba, wa ya yi wa likita ƙarya a cikinmu? Na fi shekara ina juya wannan tambayar a raina. Na taɓa yi wa limaminmu ita a kaikaice, ya ce tafinta bututu ne, ruwan da ke bi ta cikinsa ba nasa ba ne. Na yi godiya na tashi, amma ban gamsu ba. Bututu bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Ni na sani.

Sunana Gariba. Ina aiki a wani gidan wanki a unguwar Morrisania, a nan ƙasar Turawa, ina ninke kayan mutane, ina kwashe dattin zare daga injin busarwa. A garinmu Kumasi aji huɗu na tsaya. Turancin da nake da shi a jaridun da mutane ke mantawa a kan benci na tsince shi, kalma bayan kalma, injina suna ta juyawa. Shi ya sa tsofaffin unguwa ke nemana idan za su ga likita. Akwai tafintan da ake kira ta waya, amma Baba Saani ya ce shi ba zai faɗa wa waya ciwonsa ba.

Baba Saani mutumin zangonmu ne na Kumasi, shekararsa saba'in da huɗu. Ya yi shekara talatin yana tuƙin tasi a garin nan, ya samu takardar zama, ya biya haraji, da ya tsufa aka ba shi katin Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa tsofaffi. Cikin leda biyu yake naɗe katin, ya sa a aljihun ƙirji. Gida ɗaya suke da Malam Kadri, mutumin Tawa ta Nijar, mai teburin huluna da gyale da tabarau a Fordham Road. Lokacin da Baba Saani ya sauka a garin nan da lambar wayar da ba wanda ya ɗauka, Malam Kadri ne ya tsince shi a ƙofar masallaci ya ba shi rabin katifarsa. Tun daga ranar kwano ɗaya suke ci. Ɗaya ya samu takarda, ɗayan bai samu ba har yau.

Wata safiya na je ɗaukar Baba Saani da wuri, na tarar sun gama shan koko. Ya buɗe robar maganin hawan jininsa, ya zaro ƙwaya ɗaya, ya kafa mata farcen babban yatsa ya raba ta biyu yadda ake raba goro. Ya miƙa wa Malam Kadri rabi a tafin hannu, ya jefa rabi a bakinsa.

"Batone, kullum kai ke ɗaukar babban," in ji Malam Kadri. Haka yake tsokanarsa, wai zaman Kumasi ya mai da shi mutumin Asante.

"Ba'adare, kyauta ake ba ka kana auna ta."

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

"Karin kumallo."

Sai da muka fito titi ya ba ni labari. Malam Kadri ya daɗe yana fama da ciwon kai. Wata rana ya sa hannunsa a injin awon jini na wani kantin magani, lambar da ta fito ta fi ta Baba Saani. Asibiti kuwa ba ya zuwa.

"Ciwo ɗaya ne," in ji Baba Saani. "In sha in bar shi yana kallo? Na gaya masa gwamnati tana ba ni fiye da buƙatata, kada ya ji nauyi. Kai kuma, Gariba, in mun shiga wurin dokta, abin da na faɗa shi za ka faɗa. Amana na ba ka."

Dokta Almonte tsoho ne shi ma. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani kantin takalma, da sakatariya ɗaya. Da abin awo na hannu yake auna jini, mai ƙwallon roba da ake matsawa. Ranar ya auna, ya sake aunawa, ya tambaya ko Baba yana shan magani kullum.

"Kullum," in ji Baba Saani.

Na juya. Wannan gaskiya ce.

Ya tambaya ko yadda aka rubuta yake sha, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

"Yadda ya rubuta."

Na juya wannan ma. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya fi damuna ke nan daga baya.

Bayan wata uku jinin bai sauka ba, likita ya ƙara magani na biyu. Bayan wata huɗu ya ƙara na uku. Na ukun sabon magani ne, ba shi da wani irinsa mai araha, ko da katin sai mutum ya cika daga aljihunsa. Baba Saani ya daɗe tsaye a gaban kantar mai magani yana kallon takardar, sannan ya biya. Daga watan ya daina sayen nama, ya ce haƙoransa ne ba sa so. Shi ma na ukun da farce yake raba shi.

A wurin aiki na sha zama ina auna abin. A jikin robar an rubuta cewa na mai sunan ne shi kaɗai. Gwamnati mutum ɗaya ta biya wa, biyu suna sha. Sata ce? Wanda ya biya haraji shekara talatin, in ya ba ɗan'uwansa rabin abin da aka ba shi, me ya sata? Ban kai ƙarshen wannan ba, kuma ba shi ke hana ni sukuni ba. Fuskar likitan ce. Kowane zuwa sai ya buɗe fayil ya koma baya shafi-shafi, yana shafa goshi, yana neman inda ya yi kuskure. Ni kuma ina zaune a gefensa da amsar a bakina.

A zuwanmu na watan Satumba ya ce in gaya wa Baba zai rufe ofis ƙarshen Oktoba. Abin da Medicare ke biyansa a kan kowane marar lafiya, in ji shi, ya daɗe da daina riƙe haya da albashin sakatariya, kuma rabin yininsa a cike takardu yake ƙarewa. Ya gaji. Za a miƙa fayil-fayil ga wani babban kilinik inda mutum ke ganin duk likitan da ya tarar. Ya ba mu rana ta ƙarshe, Alhamis ɗin makon ƙarshe.

Kafin ranar ta zo, Adjara, 'yar Baba Saani, ta ɗauki mahaifinta ya yi mata kwana biyu a gidanta a unguwar Concourse Village. Ita kaɗai ce 'yarsa a nan. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta saba jera magani a ɗan akwatin roba mai ranakun mako, ta tsaya a kan mutum sai ya haɗiye. Haka ta yi wa ubanta. Asabar ƙwaya uku cikakku, Lahadi ƙwaya uku cikakku. Ranar Lahadi da la'asar ya ɗago daga sujada, ya miƙe, ya faɗi, girarsa ta daki gefen tebur.

Litinin ta kira ni ina tsakiyar ninke zannuwan gado.

"Kawu Gariba, Baba ya faɗi. Ya ce wai yunwa ce. Wace yunwa, bayan ya cinye tuwo malmala biyu?"

"Yanzu yaya jikin?"

"Ya koma gida, ya ƙi zama. Amma ƙarshen wata zan ɗauko shi gaba ɗaya. Tsofaffi biyu a gida, ba mai kula da wani. A wurina ba zai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Alhamis ba zan samu fita daga aiki ba, please ka gaya wa dokta komai."

Na ce to. Na ajiye wayar na zauna a kan benci. Ba sai na yi karatun likita ba. An yi ta ƙara magani ne don mutumin da aka zaci yana shanye duka. Jikinsa rabi ya sani. Kwana biyu na cikakke sun kayar da shi, ga shi zai koma inda za a ba shi cikakke kullum, da hannun mai ƙaunarsa. Fayil ɗinsa kuma zai tafi wurin likitan da bai san shi ba, ɗauke da cewa magani uku sun kasa.

Da na tashi aiki na wuce gidansu. Malam Kadri yana kasuwa. Baba Saani na zaune a bakin gado da filasta a gira.

"Baba, ba yunwa ce ta kayar da kai ba."

"To mene ne, Dokta Gariba?"

Na yi masa bayani yadda na fahimta. Ya saurara yana jan carbi.

"Yoo, na ji. Sai in riƙa ɓoye rabi a ƙarƙashin harshe. Ranar Juma'a in kawo wa Kadri nasa."

"Adjara za ka ɓoye wa? Ita da aikinta ke nan?"

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ka bari in gaya wa dokta ranar Alhamis. Shi ya san ka. Bayan shi ba wanda zai tsaya ya saurare mu."

"In na faɗa zai tambaya wa nake ba. Zai rubuta. Abin da aka rubuta a ƙasar nan ba ya mutuwa, ka fi ni sani. Yau a karɓe mini kati, gobe a je neman Kadri a teburinsa."

"To ka ce zubar da rabin kake yi."

Ya ɗago ya dube ni, na ji kunya tun kafin ya yi magana.

"Kai ne mai tsoron ƙarya, ka zo mini da sabuwa? In ce ina zubar da abin da aka biya? Kuma in na faɗa sai ya rage maganin. In ya rage, me zan raba? Kadri ya sha me?"

"Kai kuma in ka sake faɗuwa a banɗaki?"

"Kwana ne in ya ƙare. Ba zan faɗa ba, kai ma ba za ka faɗa ba."

Washegari na nemi izinin awa biyu na tafi Fordham Road. A cikin bas na gaya wa kaina cewa likita aka hana ni faɗa wa, ba a ambaci Malam Kadri ba. Na san dabara ce irin ta masu neman ƙofar baya, na kuma ci gaba da tafiya.

Sanyi ya fara shigowa, Malam Kadri ya fito da hulunan ulu ya tura tabarau gefe. Na jira ya gama da wata mata da ta gwada gyale huɗu ba ta saya ba. Sannan na faɗa masa komai: cewa rabin da yake sha ba ragowa ba ne, cewa rabon Baba Saani ne, cewa shi ya sa aka yi ta ƙari, shi ya sa ya faɗi.

Ya gyara jerin huluna da ba su karkace ba.

"Ya ce mini gwamnati na ba shi da yawa."

"Ba ta ba shi."

"Na ukun nan, ƙaramin, shi ma kyauta ne?"

"Yana cikawa daga aljihunsa."

"Shi ya sa ya bar nama." Ya ajiye hular da ke hannunsa. "Haƙori, in ji shi. Tsohon banza. Bon, na bar sha daga yau. Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. In ka bari, shi zai shanye duka, ya sake faɗuwa. Kai kuma ka zauna ba magani. Sai likita ya san gaskiya ya sake lissafin abin da jikinsa ke buƙata. Shi ya ƙi faɗa saboda kai. Ni an ɗaure mini baki. In ka zo da kanka, ba wanda ya ci amanar wani."

"In zo ina?"

"Wurin likita, ranar Alhamis."

Ya yi 'yar dariya. "Gariba, shekara talatin da ɗaya ban ba kowa sunana ya rubuta ba. Teburin nan da sunan wani yake. Gida da sunan Saani. Wayar nan ta ɗan ƙanena ce. Haka na kai yau. Yanzu da furfura zan tahi in miƙa kaina?"

"Likita ba ɗan sanda ba ne. Akwai ma asibitocin birni da ke duba marasa inshora, an ce ba sa tambayar takarda."

"Ka gani da idonka, ko a jarida ka karanta?"

"A jarida."

"To." Wani saurayi ya tsaya ya ɗauki hula baƙa, Malam Kadri ya sallame shi, ya juyo. "Ka ɗauko kaya ka aza mini a ka, ka ce ba ka ci amana ba. Ba ni zuwa. Gaida gida."

Na koma gidan wanki da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi. Yanzu mutum biyu na ɓata wa rai, ban gyara komai ba.

Ranar Alhamis na ɗauki Baba Saani da ƙarfe tara. Malam Kadri ya riga ya fita. A hanya Baba ya ce tun jiya Ba'adaren ya ƙi karɓar rabonsa, wai cikinsa ne ya ɓaci. Ya dube ni ta gefen ido. Na kalli taga.

Ofishin Dokta Almonte ya cika da kwalaye. An sauke hotuna daga bango, sai tabon inda suka zauna. Ya dubi filastar ya tambayi abin da ya faru.

"Darduma ce ta zame," in ji Baba Saani.

Na juya.

Ya auna jini. Ya hau, don tun da Baba ya dawo gida ya koma shan rabi. Likita ya cire abin awon a hankali ya naɗe shi. Ya ce in gaya wa Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bai ji daɗin barinsa a haka ba. Zai rubuta wa likitan da zai karɓa cewa magani uku ba su isa ba, a duba ƙara na huɗu. Ya jawo takarda ya fara rubutu. Ya tambaya ko akwai wani abin da Baba yake so ya faɗa.

"Ka ce masa Allah ya saka da alheri."

Na juya. Ina jin ƙarar biron a kan takarda. Gaskiyar tana bakina, na san yadda zan jera ta da Turanci, na ma jera ta. Ko da zan faɗa, ko da zan bari mu sauka matakala a haka, ban sani ba. Na so in ce da na faɗa.

Sakatariya ta ƙwanƙwasa ta leƙo. Ta ce wani mutum na waje, ya ce shi ɗan'uwan marar lafiyar ne, ya ƙi zama ya ƙi tafiya.

Malam Kadri ya shigo cikin rigarsa ta Juma'a, da ƙatuwar jakar huluna a kafaɗa. Yana haki, matakalar ta gajiyar da shi. Ya ajiye jakar a kan wani kwali.

"Wa ke jiran teburin?" in ji Baba Saani.

"Ba kowa. Gariba, gaya mishi rabin maganin nan cikina yake. Duka ukun. Tun na fari."

"Kada ka juya," in ji Baba Saani.

"Ba bakinka ba ne, Batone, nawa ne. Juya."

Likita yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na juya maganar Malam Kadri, ban ƙara ba ban rage ba.

Dokta Almonte ya ajiye biro ya cire tabarau. Ya tambaya tun yaushe, na faɗa. Ya tambaya ranar da Baba ya faɗi nawa ya sha, na ce cikakku, kwana biyu a jere. Sai ya dube ni, ni kaɗai, ya tambaya ko na sani tun farko. Wannan ba maganar da zan juya wa kowa ba ce. Na ce na sani.

Bai yi faɗa ba. Ya ce shekara ɗaya da rabi yana zaton ya manta aikinsa. Ya ja layi biyu a kan abin da ya rubuta, ya ɗauki sabuwar takarda. Ya ce na ukun a ajiye shi, ya rubuta yadda za a sha sauran, kuma a dawo awo a sabon wurin cikin mako guda. Ya nemi lambar Adjara ya ce da kansa zai kira ta yau, kafin ta sake jera masa magani.

"Katina fa?" in ji Baba Saani. Bai dubi kowa ba.

Likita ya ce shi abin da zai rubuta shi ne marar lafiya rabi yake sha, don wanda zai karɓa ya sani, ba inda ɗaya rabin yake zuwa ba. Sannan ya nuna wa Malam Kadri kujera. Malam Kadri ya zauna a bakinta, ya naɗe hannun rigar Juma'ar da ƙyar. Likita ya matsa ƙwallon roba, ya saurara, ya sake matsawa. Ya ce wannan ba jinin da za a bari ya kai wani mako ba ne, kuma maganin wani ba lallai ya zama nasa ba. Shi yana rufewa, amma zai ba shi wasiƙa zuwa asibitin birni, inda ake duba waɗanda ba su da inshora. Ya jawo takarda ta uku, ya ɗora biro a saman layi, ya jira.

"Me yake jira?" in ji Malam Kadri.

"Sunanka."

Ya dubi takardar, ya dubi ƙofa. Hannun rigarsa na nan a naɗe. A waje sakatariya tana jan tef a kan kwali.

Baba Saani, yana kallon tabon hoto a bango, ya ce, "Ba'adare, ko ka manta shi?"

Malam Kadri ya share maƙogwaro.

"Abdulkadri," ya ce. "Abdulkadri Harouna. Gaya mishi a hankali, ya rubuta daidai."